Kafin A Nemi Dashe: Yadda Ƙauye Zai Farfaɗo Da Gonakinsa Da Fakonsa A Ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela cikin watan Afrilu, ya ratsa Kware da Gwadabawa, ya ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gonaki a share fes, iska na kwasar ƙasar sama tana tafiya da ita, ga fako nan ya yi tauri, ko diga sai da ƙyar. In ka zauna da dattijo a gindin dogon yaro zai lissafa maka itatuwan da ya taso ya tarar a bayan gari, kirya da marke da ɗanya, waɗanda jikokinsa ba su san kamanninsu ba. Farin shekarun 1973 da 1984 ya ci nasa, gatari da yawan jama'a suka ci saura.

Ruwan da ke sauka a yawancin ƙasar Sakkwato bai wuce milimita 500 zuwa 700 a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu. Ƙarancinsa matsala ce, amma yadda yake zuwa ya fi damun manomi: ya makara, ya zubo kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, ya gangara kwazazzabo, sannan ya ɗauke ƙafa mako biyu ko uku hatsi na tsakiyar girma. Mutanen Goronyo da Wurno da Kware ba su manta da ambaliyar 2010 ba, alhali a tudun da ruwan ya baro ƙasa ƙishirwa take ji.

Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. In bazara ta zagayo ka koma wurin, sai ka tarar da ramuka da 'yan sanduna. Wannan abu yana ci mini rai, domin kuɗi ne da gumi suka tafi a banza, kuma yana sa mutanen ƙauye su ɗauka aikin ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa, jerin aikin ne aka birkita. Dashe shi ne na huɗu. Kafin shi akwai magana, akwai kututturen da ke cikin gona, akwai tare ruwa, kuma duk ukun ba su bukatar ko sisin gwamnati.

Na farko: a zauna a yi magana

Lokacin zaman shi ne kaka, bayan an ɗaure damma, kafin samari su watse cin rani. Je ka wurin hakimi tare da sarkin noma, kada ka tafi kai kaɗai da takarda a hannu kamar ɗan kwangila. Abin da za ka ce gajere ne: “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne a kan fakon gabas da gari, muna son a gwada maido da shi, kuma muna son ya zama da bakinka.” In hakimi ya karɓa, shi zai kai maganar ga uban ƙasa. A roƙi liman ya taɓo batun a huɗuba. Hadisin da ya ce babu Musulmin da zai dasa icce ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zame masa sadaka, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ya fi duk wani jawabin ma'aikaci shiga zuciyar mutanenmu.

Akwai mutane uku da in aka manta da su aikin ya mutu tun a zaure. Arɗo, saboda dabbobinsa ne za su ratsa gonakin da rani. Mata, saboda su ne ke neman iccen girki, su suka san inda sabara ta rage da inda ta ƙare. In ba za su zauna da maza ba, a yi musu nasu zaman a gidan wata dattijuwa da ake jin maganarta. Sai malamin daji na ƙaramar hukuma, don ya faɗa a gaban kowa yadda doka take game da iccen da mutum ya raina a gonarsa. Manomin da ke tsoron wata rana za a ci shi tara a kan reshen iccen da shi ya raina ba zai bar tsiro ya girma ba. A Nijar ma sai da manoma suka sakankance iccen nasu ne sannan rainon itatuwa a gonaki ya kama.

Abin da za a fito da shi daga zaman kaɗan ne, amma a rubuta, da boko ko da ajami, kowa ya shaida. Iccen da ke gonar mutum nasa ne, wani ba ya sara sai da izini. Ba a cinna wa gona wuta wajen sassabe. Burtali da mashaya suna nan yadda kakanni suka bar su, wanda ya ci burtali ya janye. Makiyayi ba ya sassare ƙaramin icce, amma yana da rabo a 'ya'yan gawo da ragowar kara, kuma a farfaɗo da tsohuwar al'adar nan ta shanu su kwana a gona manomi ya ba da hatsi. A yanka tarar wanda ya saɓa, a faɗi wanda zai karɓa da inda kuɗin za su tafi. Sannan a zaɓi mutum biyar zuwa bakwai masu sa ido, a cikinsu da mace da Bafulatani.

A garuruwan da rashin tsaro ya hana zuwa gonakin nesa, kamar sassan Isa da Sabon Birni, a fara da abin da ke kusa: gonakin bayan gida, filin makaranta, maƙabarta. Kada a kai kowa daji saboda icce.

Na biyu: sassaben zamani

Wannan shi ne zuciyar aikin. Duk manomi ya san sabara da kalgo da geza da ke tsirowa a gonarsa kowace shekara, ya sare su da bazara, ya tara ya ƙone, baɗi su dawo. Dalilin dawowarsu shi ne saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfi, ta san hanyar ruwa. Ɗan dashen da aka raina a leda sai ya yi shekaru kafin ya kai inda wannan saiwar take yau.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa abin da ake ɗauka ƙananan ciyayi ne a gonaki ashe itatuwa ne da aka sare suke ƙoƙarin tashi. Shi da manoman yankin suka soma rainon su. Hausawan can suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta cewa ya game hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwansu bai kai namu ba, harshenmu ɗaya.

Ga yadda ake yi. Shiga gonarka da rani, bayan an kwashe amfani, ka bi ta a hankali kana duba kowane kututture mai tsiro. Ka zaɓi waɗanda za ka bari. Gawo duk inda ka gan shi, komai ƙanƙantarsa, ka bar shi. Haka aduwa, magarya, kurna, kalgo, sabara, da goruba. Shekarar farko ka nufi kamar guda 20 zuwa 40 a hekta, a warwatse, kada su cunkushe wuri ɗaya. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ware kwata ɗaya na gonar ka gwada, ka bar sauran yadda ka saba, kaka ta raba gardama.

A kowane kututture za ka tarar da tsirrai da yawa, wani lokaci fiye da ashirin, suna ƙwacen abinci. Zaɓi uku zuwa biyar mafi tsayi, mafi miƙewa, mafi ƙarfi, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce rabi. In ka aske su tas ka bar ɗan tukku a sama, iska ko akuya za ta karya su. Addarka ko laujenka ya zama mai kaifi, kuma ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama. Saran da ya fito daga sama yana tsage ɓawo, ya buɗe wa ciwo ƙofa. Ka ɗaura ɗan jan ƙyalle a jikin tsiron, a sa wannan alamar cikin yarjejeniyar gari, mai neman icce ya gani ya san mai shi na so. Ganyen da ka sare kada ka ƙone, shimfiɗa shi a ƙasa. Ƙayar kuma ka kewaye gindin da ita.

Bayan wata biyu zuwa shida ka dawo, domin sabbin tsirrai za su fito, ka sake cire su. Daga shekara ta biyu ko ta uku kana iya sare ɗaya daga cikin sandunan kowace shekara don girki ko shinge, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa, amma ka ware guda ɗaya da ba za a taɓa ba har ya zama babban icce.

Za a ce maka inuwa tana kashe hatsi, kuma itatuwa na tara tsuntsu. Maganar inuwa gaskiya ce ga wasu itatuwa, shi ya sa ake rage rassa kafin shuka. Amma gawo ya bambanta: da damina yake zubar da ganye, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi irin na wake da gyaɗa, dabbobin da ke kwana gindinsa suna barin taki. Dubi hatsin gindin gawo ka dubi na nesa da shi, ba ka bukatar malami. Sabara kuma, wadda muke rena wa, binciken da aka yi a Senegal ya nuna tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi cikin dare, ta sake shi kusa da sama, geron da ke kusa da ita ya sha. Tsuntsu kuwa, jan baki in ya taso daga fadama ba ya tambayar ko gonarka na da icce.

Na uku: a tare ruwa inda ya sauka

Fako ba matacciyar ƙasa ba ce, bakinta ne ya rufe. Ruwa ya sauka ya zame, iri ya faɗi iska ta kwashe. Aikinka shi ne ka buɗe mata baki.

Hanya mafi sauƙi ita ce tassa, wadda Mosawan Burkina Faso ke kira zai. Marigayi Yakuba Sawadogo, manomi daga Yatenga, shi ya inganta ta bayan farin shekarun 1970 da 1980 har ya mayar da fako daji. Ya rasu a 2023. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar, takwarar tamu Illelar, sun je can sun gani a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka yi ta haƙa, har fakon da a da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa.

Ana haƙa tassa da rani, daga Janairu zuwa Afrilu. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfinsa santimita 15 zuwa 20. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare, ta ƙasan ramin, kamar ɗan kunne, don ta tare ruwan da ke gangarowa. Tsakanin rami da rami taku ɗaya, santimita 80 zuwa mita guda. Layi na biyu kada ya bi sahun na farko, kowane rami ya faɗa tsakanin biyun da ke samansa, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Kowane rami a zuba masa cikin hannu biyu na ruɓaɓɓen taki, a ɗan yayyafa ƙasa a kai. Gara za ta biyo takin ta huda ƙasa, ramukanta su zama hanyar ruwa. A nan gara abokiyar aiki ce. In an yi ruwa mai kyau ramin ya jiƙa sosai, sai a shuka hatsi ko dawa a ciki.

A lissafa aikin tun da wuri don kada a yaudari kai. In tazarar mita guda ce, hekta na cin rami 10,000, taki kuma wajen tan 2 zuwa 3, aikin haƙa ya kai awa 300 ko fiye. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai gayya. A haɗa magidanta goma, yau gonar wannan, jibi ta wancan, a fito da asuba a tashi kafin rana ta take. Takin ma tun kaka ake tara shi: rami a bayan gida, kashin dabbobi da toka da shara da karmami, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, ana juyawa. Ɗanyen taki yana ƙone shuka. Kuma a sani, tassa ba ta yi a jigawa mai rairayi, ramin cikewa yake, ba ta yi a fadamar da ruwa ke kwanciya, shukar ruɓewa take. Ta fako ce da ƙasa mai tauri.

Inda fakon ke da faɗi kuma na gari ne gaba ɗaya, rabin wata ya fi. Kafa turke, ɗaura igiya mai mita 2, ka zana rabin da'ira, bakinta na kallon tudu inda ruwa ke fitowa. Faɗinta ya zama mita 4. A fasa cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, ƙasar a jera ta a bayan lanƙwasar a daddaɓe, in da duwatsu a ƙarfafa kunnuwan biyu domin nan ruwa ke fara ci. Tsakanin wannan da na gefensa a bar mita 4, tsakanin layi da layi mita 4, a saɓa su kamar tassa. Da wannan awo hekta na ɗaukar kusan 313. A ciki ana iya shuka hatsi, ko a watsa irin gamba da sauran ciyawa, a sa icce ɗaya, bagaruwa ko ɗakwara. Shekara biyu na farko a hana dabbobi shiga, a yanki ciyawar a kai musu, kuma a tabbata makiyaya sun sami kasonsu, in ba haka ba su ga an ƙwace musu wurin kiwo ne kawai.

Kuskuren da ya fi ɓata wannan aiki shi ne layin da ya karkace. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ruwan zai taru a kusurwa ya fasa, ya haifar da kwazazzabon da babu shi a da. Maganinsa na wurin magina: siririn tiyo mai haske, mita 10 zuwa 15, a cika shi da ruwa, a ɗaura kowane baki a jikin sanda mai alamun awo iri ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya yi ta matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu. Nan ne daidai, a kafa turke, a ci gaba. A kan wannan layin ake jera duwatsu ma, inda akwai su, irin abin da Adarawa suka daɗe suna yi. Kuma kullum daga saman gangare ake farawa a sauko.

Na huɗu: yanzu a yi dashe

Akwai wuraren da saiwa ta ƙare, dole sai an dasa: makaranta, kasuwa, bakin hanya, da gabashin gari inda iskar farkon damina ke fitowa ta binne shuka da rairayi. A kwarin Majiya da ke Nijar, tun 1975 aka soma jera dogon yaro layi bibbiyu, mita 4 tsakanin icce da icce, mita 100 tsakanin jeri da jeri, don karya iska. Jerin ya gitta hanyar iskar, wato ya miƙe daga arewa zuwa kudu. Dogon yaro na gefe ne, ba na tsakiyar gona ba. Iccen turare kuma a nisanta shi da rijiya da lambu, shan ruwansa ya yi yawa.

A kafa wurin raino kusa da rijiya cikin Maris ko Afrilu, a ba ƙungiyar mata ko 'yan makaranta. Ledar ruwan sha da ke yawo a gari ta isa, a huda gindinta, a cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsu na da tauri: a zuba musu ruwan zafi da aka sauke daga wuta, su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefen kowane. Irin dogon yaro kuwa sabo ake shukawa, ba ya jimirin ajiya. Mako biyu kafin dashe a rage ban ruwa da inuwa don su saba da wahala.

A dasa cikin Yuli, in ƙasa ta jiƙa har zurfin kamu, da yamma ko ranar da hadari ya rufe. Dashen ƙarshen Agusta rani ke cinye shi. A yage ledar a cire, a bar ɗan kwari a gindin. Kowane dashe ya sami kariya ta ƙaya ko kara ko tubali a ranar da aka sa shi, kuma ya sami mai shi da suna, wanda zai ba shi ruwa daga Maris zuwa Mayu. Guda 100 masu mai su sun fi 5,000 na kowa da kowa.

Duk wannan ba zai ɗore ba in buƙatar icce ba ta ragu ba. Murhun duwatsu uku yana barin wuta ta tsere ta kowane gefe. Murhun laka da aka gina daidai gindin tukunya, mai ƙofa ɗaya, yana rage icce da hayaƙi, kuma mai ginin tukwane za ta iya koya wa mata cikin yini ɗaya. A ɓangaren iri, a riƙa sauraron hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, a kuma ajiye gero mai saurin nuna irin SOSAT, mai yi cikin kwana 90 ko kusa da haka, a gefen namu na gado.

Ƙidaya, sannan a nemi hukuma

A sami littafi guda a hannun malamin makaranta. A rubuta sunan kowane manomi, kututture nawa ya raina, tassa nawa ya haƙa, damma nawa ya ɗaure a wurin gwaji da wurin da bai taɓa ba. A ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara. Itatuwa kuma a ƙidaya su a ƙarshen Mayu, bayan sun sha zafin bazara. Wanda ke da ganye a lokacin shi ne icce.

Da wannan littafin ake zuwa neman taimako. Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, wadda aka kafa da doka a 2015, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa mai suna ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai malaman gona na jiha, akwai masana daji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In an je, a roƙi abin da gari ba zai iya yi da hannunsa ba: diga da shebur da baro, motar kwaso duwatsu, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana kusa da wurin raino, da malamin da zai zo ya duba layin farko kafin a haƙa sauran. Takardar ta fito ta hannun hakimi da uban ƙasa, a haɗa da hotunan shekarar farko da ta biyu, a ajiye kwafi ɗaya a gari.